Burduddugin da ya kusa sa a kore ni daga gida a unguwar Aboabo ta Kumasi

Ni dai ban taɓa zama na ce zan yi kiwon kwaɗo ba, ƙanina ne ya jawo min. Yaron mota ne, suna ɗauko albasa daga Bawku zuwa Kumasi, wata damina ya dawo da wasu manyan kwaɗi guda biyu a cikin galan da aka yanke wa baki, wai yara ya gani sun kamo a fadamar shinkafa za su sayar wa masu ci, ya ji tausayi ya saya. Washegari ya hau mota ya koma arewa ya bar ni da su. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Irin wanda Hausawa ke cewa burduddugi ne, mai santsin jiki, idanunsa a saman kai kamar na kada, da wani layi mai haske da ya gitta bayan idanun. Turawa suna rubuta shi Hoplobatrachus occipitalis, kuma yana ko'ina a Afirka ta Yamma inda ruwa ke kwanciya. Na faɗi wannan ne dan bidiyoyin YouTube sun ruɗa ni sosai da farko, wani zai ce cika akwati da ƙasa, wani ya ce cika da ruwa, ashe ba dabba ɗaya suke magana a kai ba. Akwai ƙaton nan na kudancin Afirka da namijinsa ke wuce kilo 1, shi a ƙasa yake binne kansa kuma yana cizo. Akwai na Amurka, ɗan ruwa ne. Namu halinsa ya fi kama da na Amurkan, kusan duk rayuwarsa a ruwa yake yi, ido da hanci kawai a waje.

Kuskurena na farko raini ne. Na ce ai abun da ke zama a kwata, kowane ruwa ma ya ishe shi, na tara ruwan famfo a robar wanki na zuba su. Kwana uku sai na ga sun yi lakwas, fata tana saɓulewa fiye da ƙima, cikin ƙaramin ya yi jaja-jaja. Wani dattijo mai sayar da kifin ado ne ya zaunar da ni, ya ce "ɗana, kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, da fata yake sha, duk abun da ka sa a ruwan nan ka sa masa a jini ne." Ruwan famfon Kumasi daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi yake zuwa, ana sa masa kulorin dan kashe ƙwayoyin cuta, mu yana mana amfani, shi kuwa ƙona masa fata yake. Ga robar kuma da sauran omo a jikinta, ni ne ma na fi laifi. Tun ranar na ware bokiti biyu da sabulu bai taɓa shiga ba, ina tara ruwa in bar shi a buɗe kwana biyu, daga baya na samu maganin cire kulorin na masu kifi, ɗigo kaɗan ne.

Sai na sayi tsohon akwatin gilas, tsawo santimita 90, faɗi 45, tsayi 45. Ruwa bai wuce santimita 18 ba, wajen lita 70 kenan, yadda zai iya nutsewa ya ɓuya amma in ya miƙe ƙafa ya taɓa ƙasa. Gefe ɗaya na jera faffaɗan duwatsu da guntun itacen da na dafa a ruwan zafi, wurin hawa in yana son fita daga ruwa, kusan kashi ɗaya cikin uku. Na fara zuba ƙananan tsakuwa a ƙasa dan kyau, na kwashe su ranar da na ga babbar ta kai wa tana bara ta haɗa da tsakuwa a baki. Yanzu ƙasan gilas ne zalla, wankin ma ya fi sauƙi.

Toh nan ne abun da har yau yake min ciwo ya faru. Na ɗauka tunda tare aka kawo su za su yi zaman 'yan uwa. Wata safiya bayan sallar asuba na haska tocila, ɗaya kawai na gani, cikinta ya yi tim, ga 'yan yatsun ƙafar ƙaramin a gefen bakinta. Wallahi na kasa shan koko ranar. Burduddugi duk abun da ya motsa kuma zai shiga bakinsa abinci ne, ko ɗan uwansa ne, talibambam ɗinsu ma cin juna suke. Ɗaya a akwati, shikenan, sai dai in girmansu daidai yake kuma wurin na da faɗi, ni kam ban ƙara gwadawa ba. A irinsu mace ce ta fi girma, kuma namiji ne ke kuka da damina, shi ya sa maƙwabta ba su taɓa jin ta ba, abun da ya cece ni kenan a gidan haya.

Murfi kuma. Na ɗora kwali na danne da takalmi, na ce ya isa. Cikin dare ta ture shi, sai da safe muka ji salati daga kicin, Mma ta same ta a bayan tukunyar wake duk ta yi buɗu-buɗu da toka. Ta ce "ko ka fitar da abun nan ko ka bi shi." Baaba ne ya shiga tsakani, ya ce Annabi (SAW) ya hana kashe kwaɗo, amma fa wanda ya tsare dabba haƙƙin ci da shanta na wuyansa, in ba zan iya ba in mayar da ita inda aka ɗauko. Na je wajen kafinta ya haɗa min firam da ragar waya, da sakata biyu. Raga ce dole, gilas ko leda na toshe iska. Sannan na manna takarda a gefe uku na akwatin dan tana ta dukan gilas da hanci in ta firgita har wurin ya sale, ba ta san akwai abu a gabanta ba.

Abinci ya ba ni wahala fiye da yadda na zata. Na sayo nama wajen mahauci na yanka ƙanana, ko kallo bai ishe ta ba, sai abu mai motsi. Gyare, fara, tana, wani lokaci ƙananan kifi, in ruwan farko ya sauka shinge ya fito kuwa sallah take yi. Sau 2 ko 3 a sati, da yamma. Ina barbaɗa wa ƙwarin garin kalshiyam sau ɗaya a sati, in babu shi ƙashinsu laushi yake yi ƙafafu su karkace. Yaran gida sun so su riƙa kawo kyankyason ɗaki na hana, dan ana fesa maganin ƙwari, kuma na daina kunna maganin sauro a inda take.

Ga ƙazanta kuwa, ba a magana. Na sa matacin soso mai aiki da ɗan injin iska, amma da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba ka dogara da inji, dan haka duk Talata da Asabar ina zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo in mayar da wanda ya kwana. Soson a tsohon ruwan akwatin nake matse shi, dan akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a ciki da ke cinye gubar kashinta, ruwan famfo na kashe su. Hita ban taɓa saya ba, Kumasi ba ta da sanyin da zai dame ta ko da hunturu, zafin Fabrairu da Maris a ƙarƙashin kwano ne abun tsoro, lokacin nake janye akwatin daga taga. Ba na ɗaukarta sai dole, da jiƙaƙƙen hannu marar mai, in na gama in wanke da sabulu sosai saboda suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Yanzu shekara biyu kenan. Ƙanina ya sa mata suna Bawku, kuma satin da ya wuce ya kira ni daga hanya wai ya ga wani zai kawo mata miji, na ce ya bar shi a fadamarsa. Mma har yau ba ta shiga ɗakin, amma jiya da na dawo daga shago na tarar da gwangwanin madara a bakin ƙofata an rufe da faranti, gyare huɗu a ciki.