Wai canji ba lissafi ba ne

Alhamis, da dare.

Yau da ƙyar na tashi. Hazo ya sauko tun kafin asuba, ruwan randa kamar ƙanƙara, Auta ya ce shi kam ba mai taɓa shi sai an dafa. Aka dafa. Koko da ƙosai. Takalmin makaranta ƙafa ɗaya ya yi ɓatan dabo, sai a bayan akurkin kaji muka tsinto shi. Mai adaidaita yana ta hon a ƙofar gida kamar mun ci masa bashi. Bakwai da rabi gida ya yi tsit, na ce alhamdulillahi.

Kafin azahar na gama riguna biyu na ankon bikin da nake ɗinkawa. Saura huɗu, biki kuma Asabar ta sama. Allah dai ya bar mana wuta.

Abin da ya hana ni barci, bayan la'asar ya faru. Da yake ba Islamiyya yau, na ce wa Ummi ta ɗauko jakarta mu rage aikin gida tun da sauran haske. Ta ɗauko tana jan ƙafa. Littafin Turanci ta fara miƙo mini, sai na Hausa, har da na zane da ba a ba su komai a ciki ba. Na lissafi yana can ƙasan jaka, an naɗe shi kamar tabarma. Da na buɗe, sai ga ziro ƙato da jan biro, ya cinye rabin shafi. Tambaya biyar, duk ɗebewa, duk ta faɗi. Ta farkon ita ce 500 a ɗebe 350, ta rubuta 250.

Ban yi faɗa ba, wallahi. Cewa kawai na yi, "Ummi, ya aka yi haka?"

Ta ɗaga kafaɗa, ko a jikinta. "Ni ba ni da kan lissafi, Mama. Irin naki ne."

Irin naki ne. Yarinya 'yar aji uku, shekara takwas a duniya, ta riga ta yanke wa kanta hukunci, kuma da muryata ta yanke shi. Har yadda nake karkata kai in na faɗa, haka ta yi. Sau nawa na faɗi maganar nan a gabanta? In Baban Ummi yana haɗa kuɗin makaranta ya ce in duba masa, sai in ce a'a, ni kam ka san ba ni da kan lissafi. In ƙawayena sun zo ana hirar makaranta, da ita nake ba su dariya. Ni a wurina raha ce. Ashe akwai mai kwasa tana adanawa.

Hajiya, kakarsu, tana kan tabarmarta a bakin ɗaki tana gyaran zogale, na ɗauka ma ba ta ji ba. Sai ta ce, "Ke kishiya, zo nan. Jiya da na aike ki shagon bakin layi, nawa na ba ki?"

"Ɗari biyar."

"Sabulu nawa ya ce?"

"Ɗari uku da hamsin."

"Nawa kika maido mani?"

"Ɗari da hamsin mana. Da ɗari ya ba ni, na ce masa saura hamsin."

Na kalli littafi, na kalli yarinya. Tambayar ce sak, ko ɗigo ba a canza ba. Na ce, "To ya kika yi kika sani?" Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Wai ɗari uku da hamsin, in an sa hamsin ya zama ɗari huɗu, in an sa ɗari ya zama ɗari biyar, shi ke nan. Na juya mata littafin na ɗora yatsa a kan tambayar, na ce ai ita ce wannan. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta girgiza kai.

"A'a, Mama. Wancan canji ne. Wannan lissafi ne."

Hajiya ta yi dariya har da tari, sai da na miƙa mata ruwa. Ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba.

Da na lallaɓa ta, sai ta fito da abin da ke cinta. Anti, malamarsu, ta ce in na sama ya yi ƙanƙanta a yi "boro". Ummi ta tambayi wata a ajinsu, aka ce mata boro shi ne aro. To ita abin da ya ɗaure mata kai, in an ara yaushe ake biya, kuma wa ake biya? Ta ɗaga hannu sau ɗaya ta tambaya, 'yan aji suka yi mata dariya, daga nan ta kama bakinta. Sai ta ƙirƙiro dabararta: duk inda ta ga lamba biyu, sama da ƙasa, sai ta cire ƙaramar daga babbar. Biyar da ziro, biyar. Biyar da uku, biyu. Ga 250 ta fito. Na bi sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya, duk haka ta yi, ba ta kuskure ƙa'idarta ko sau ɗaya ba. Wannan ne kan da aka ce ba ya ja?

Hajiya ta ce, "Wane irin aro kuma? Ai fasa kuɗi ne. In kina da 'yan ɗari-ɗari kina son ba mutum hamsin, ba sai kin fasa ɗaya ba?" Ita ta ce in ɗauko gwangwanin maɓallaina. Muka ware manyan baƙaƙen nan na kwat guda biyar, kowane ɗari. Ƙananan farare na rigar makaranta, kowane goma. Ummi ta zama mai shago, Hajiya banki, ni mai saye, Auta kuma ɓarawo, don sau biyu muna ƙwato maɓalli daga bakinsa. Na ce ta ba ni ɗari uku da hamsin. Ta ba ni manya uku, ta tsaya, ba ta da ƙanana. Ta ɗauki babba ɗaya ta kai wa Hajiya, aka ƙirgo mata ƙanana goma, ta ba ni biyar. Abin da ya rage a gabanta babba ɗaya, ƙanana biyar. Ta kalle su, ta kalli littafi inda Anti ta soke 5 ta rubuta 4 a samanta, ta ce, "Au! Shi ne ya koma huɗu?"

Wannan "au" ɗin, da ana sayar da shi a kasuwa da na saya tun ina aji huɗu.

Don ni ban taɓa samun sa ba. Mu a zamaninmu da "mental" ake buɗe gari. Kafin a zauna, malam yana tsaye a bakin ƙofa da tsumagiyar dalbejiya, ya jefo maka tambaya, kafin ka haɗiye yawu ya ƙirga uku. Bakwai sau takwas. Na ce hamsin da huɗu. Biyu a tafin hannu, da sanyin safiya irin na yau. Washegari ya sake jefo mini ita, tsoro ya sa na sake cewa hamsin da huɗu, alhali na kwana ina haddace jadawalin da ke bayan littafin rubutu. Har yau, da 'ya'yana biyu, in aka ce bakwai sau takwas sai gabana ya faɗi kafin hamsin da shida ta fito. Ban riƙe shi a zuciya ba, Allah ya jiƙansa in ya rasu. Mun fi tamanin a ajin, wasu a ƙasa, shi kaɗai, kuma shi ma haka aka koya masa. Amma daga wannan shekarar na koma layin baya, na koyi yadda ake sunkuyar da kai don kada ido ya haɗu da na malam. WAEC sau biyu na zauna, komai ya fito ban da lissafi. Daga nan aka saya mini keken ɗinki.

Ina cikin wannan tunanin Hajiya ta jefo mini tawa. "Ke ma Maman Ummi, ki bar faɗin maganar nan. Ɗazu matar nan da ta zo awo, ƙirjinta nawa?" Na ce talatin da takwas. "Da kika zo yanka fa?" Na ce an raba huɗu, tara da rabi, a ƙara inci biyu na ɗinki, sha ɗaya da rabi. Ban ko numfasa ba. Ta ce, "To wannan sunansa mene ne, waƙa?" Ta ƙara da cewa ni ce nake fitar da riga da siket da ɗankwali daga turmi ɗaya, yadi shida, har a samu ragowar da za a yi wa jaririya 'yar riga. Na yi shiru. Ashe ni ma abin da Ummi ta faɗa nake faɗa shekara da shekaru: wannan awo ne, ba lissafi ba.

Ita kuwa Hajiya ko ƙofar boko ba ta taɓa takawa ba. Da ta samu masu saurare sai ta ɓalle da labarin kuɗin da. Kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam, ga sisi ga taro a tsakani, kuma a haka take sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba wanda ya taɓa cutar ta. Da naira ta zo a 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, ita ta riƙa yi wa matan unguwa juyi. Shi ya sa har gobe in ta ce jaka, ɗari biyu take nufi. Ta tambayi Ummi "ashirin ba biyu" nawa ne. Ummi ta ƙirga da yatsu ta baya, ta ce sha takwas. Hajiya ta ce to kin gani, mu ɗebewa a cikin bakinmu take tun kafin a kawo allon bango. Adashinta na mutum goma sha biyu a ka take riƙe da shi, ta san wadda ta zuba, ta san wadda ta ce sai Juma'a. Ni da littafi nake rubuta kuɗin ɗinki, kuma duk da haka sai an bi ni da gyara.

Tuwo ya kusa kamawa saboda hira. Miyar kuka, daddawa ta yi kaɗan, ba wanda ya yi magana.

Bayan isha'i na kira Kawunsu, don haushi nake ji kuma ban san wa zan ji wa ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, in gado ne, ni a ina na samo nawa? Ba ciki ɗaya muka fito ba?" Shi da yake koyar da lissafin a sakandare yau shekara nawa. Ya ce yaran da suke zuwar masa aji ɗaya, kafin ya ɗauki alli sun riga sun sallama, kuma in ya bincika sai ya tarar a gida aka fara gaya musu, ko wata yaya ta ce lissafi na maza ne. Ya ce kada in je in yi wa Anti tsiya, wataƙila ita ma da boro aka koya mata. In dai je in gaishe ta, in nuna mata yadda Ummi ta yi kuskuren, don ziro ba ya gaya wa kowa inda aka ɓata hanya. Kuma in daina tambayar yarinya "nawa kika ci", in riƙa cewa "nuna mini yadda kika yi".

Sai ya ce in ba Ummi wayar. Ina jin su a lasifika. Yana ba ta labarin wani malami ɗan garin nan namu, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masana tarihin lissafi suna ambaton sunansa. Ummi ta ce, "Katsina ta nan? Ta wajen Gobarau?" Ya ce ita fa. Ni kaina kunya ta kama ni. An haife ni a garin nan, na wuce hasumiyar nan ba adadi, hatimi kuma na sha ganinsa a allon malamai, ban taɓa kawo wa raina cewa lissafi ne a ciki ba.

Ya ba ta aiki: ta zana gida tara, uku-uku, ta zuba 1 zuwa 9, kowace lamba sau ɗaya, ta yadda ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, sha biyar za a samu. Ya ce ba maki, ba jan biro, kuma ba ranar karɓa. Ta kwanta rub da ciki a tsakar ɗaki tana gogewa tana sakewa har takardar ta huje. Aka ɗauke wuta, ta ce in haska mata da waya. Ƙarfe tara da rabi na ƙwace fensirin da ƙarfi.

Da zan tofa mata addu'a ta ce, "Mama, ke kin iya?" Bakina har ya buɗe da tsohuwar amsar. Na haɗiye ta. Na ce ban taɓa gwadawa ba, amma gobe za mu gwada tare. Ta ce to, kada in riga ta.

Na riga na karya alkawari. Baban Ummi yana ta minshari, ni kuma ina zaune da bayan takardar awo, na zana gida tara sau shida. Na gano dai 5 ce a tsakiya, don duk inda na kai ta wani gida sai layi ɗaya ya ƙi. Na sa 9 a kusurwa, abu ya watse. Yanzu na matsar da ita gefe, saman 5, na sa 1 a ƙasa, ya fara kama hanya.

Cajin waya saura kashi bakwai. Ga hannun riga huɗu ban yanka ba, kuma maɓallan kwat ɗin nan huɗu na ƙirga a gwangwani, ba biyar ba. Gobe da sassafe sai na duba bakin Auta da ƙarƙashin tabarmar Hajiya.