Tace ruwan ƙazanta a ƙaramin gari na bakin teku

Aikin kamfaninmu shi ne gina wa ƙananan garuruwa wurin tace ruwan masai da na wanka da na wanke-wanke, sannan mu ci gaba da kula da shi. A bakin teku, abin da ke wahalar da mu ba ƙazantar ba ce, tekun ne, domin ta ƙarƙashin ƙasa yake shigowa.

Lissafi ake fara yi. Inda akwai ruwan famfo a gidaje, muna ɗaukar lita 100 zuwa 150 ga kowane mutum a rana. Gari mai mutum 500 ke nan zai fitar da lita 50,000 zuwa 75,000. Idan garin na cika da baƙi a wani lokaci na shekara, da yawan mutanen wannan lokacin ake aiki. Ruwan wankin kifi kuma ana ware masa tarkon maiƙo nasa, don ya fi na gidaje kauri nesa ba kusa ba.

Ruwan yana fara bi ta rariyar ƙarfe mai tare leda da tsumma, ya wuce ramin da yashi ke kwantawa, sannan ya shiga tanki mai ɗaki biyu, na farkon ya ɗauki kashi biyu cikin uku na girmansa. A nan yake kwana ɗaya zuwa biyu, laka ta nutse, maiƙo ya taso. Tankin bai cire fiye da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙazantar da ke cin iskar oksijin ba, saboda haka wanda ya tsaya a nan bai gama tacewa ba tukuna.

Mataki na gaba, inda akwai fili, mun fi son kwarin tsakuwa mai zurfin santimita 60, a shimfiɗa masa leda mai kauri, a dasa kachalla. Yana cin kusan murabba'in mita 5 ga kowane mutum, amma ba ya neman lantarki. Injin hura iska cikin ruwan ya fi tsimin fili, sai dai dole oksijin ya tsaya wajen miligiram 2 a lita, kuma in wuta ta daɗe a ɗauke, ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazantar sai su mutu.

Yanzu ga inda teku ke ɓarna. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa da sama, yana hawa da sauka tare da cikar teku. Tanki mai cin lita 10,000, ranar da aka kwashe shi, ruwa zai tura shi sama da ƙarfin tan 10. Haka tanki ke ɓullowa daga ƙasa ya tsinke bututu. Shi ya sa ake ɗaure shi da ɗamara a kan daɓen kankare, a kwashe laka lokacin da teku ya janye, a sake cika shi da ruwa nan take. Kwashewar kuwa duk shekara 2 zuwa 3 ne.

Sai gishiri. Litar ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35. Yana kutsowa ta gaɓar bututu da ta saki ko murfin ramin duba bututu da ya tsage. Ƙwayoyin tacewa suna iya sabawa da gishiri kaɗan idan bai canzawa, hawa da saukarsa kwatsam ne ke karya su. Sinadarin salfet da ke cikinsa kuma yana rikiɗa ya zama iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke komawa asid a jikin rufin kankare ta cinye shi. Iskar nan tana kisa, ba a shiga rami sai an auna ta. Muna amfani da bututun roba, ƙusoshi kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316, don lamba 304 ba ya jure gishiri. Idan na'urar auna gishiri ta nuna yana tashi daidai lokacin cikar teku, to akwai ɓula a layi, sai a bi rami bayan rami har a same ta.

Sokawe a cikin rairayi yaudara ce: ruwa na ɓacewa da sauri, mai gida ya ji daɗi, alhali ƙwayoyin cuta sun wuce rijiya ba tare da ƙasa ta tace su ba. Ana son aƙalla mita 1 na busasshiyar ƙasa a ƙarƙashinsa, da nisan mita 30 daga rijiya. In babu, sai a tayar da tudun yashi a tura ruwan sama da famfo.

Kafin a saki ruwan ana kashe ƙwayoyin cuta, da kulorin na minti 30 ko da fitilar UV mai hasken da ke kashe su, wadda ba ta aiki sai ruwan ya yi garau. A bakin bututun fita ana sa murfi mai buɗewa waje kaɗai, a riƙa kankare masa ƙananan halittun teku masu manne masa, in ba haka ba zai ƙi rufuwa, teku ya biyo bututun ya shigo.