Abin da tsarin ABC yake buƙata kafin ya ɗauki tsohon kiɗa

Tsarin ABC hanya ce ta rubuta kiɗa da haruffan da ke kan kowace kwamfuta ko waya, kuma Chris Walshaw ne ya fito da shi a Ingila a shekarar 1993 domin waƙoƙin gargajiya na yammacin Turai. Haruffa bakwai, daga A zuwa G, su ne sunayen sautuka, lambar da ta biyo bayan harafi kuma ita ce tsawonsa, ta yadda A2 ya ninka A, shi kuwa A/2 rabinsa ne. Ina ƙaunar wannan tsari saboda a nan Gusau, ko a ranar da intanet ta yi rauni, mutum yana iya tura waƙa sukutum a saƙon WhatsApp, kuma wanda ya karɓa ya gyara ta da hannunsa.

Sai dai an gina shi a kan tunanin cewa kowane sauti yana da tsawo guda tabbatacce, alhali rubutun kiɗan Turai na kafin shekarar 1600 ba haka yake ba. A ƙa'idar da Franco na birnin Kolon a ƙasar Jamus ya bayyana wajen shekarar 1280, akwai alamar dogon sauti da ake kira longa, da ta gajere da ake kira birebis, amma siffar alama kaɗai ba ta yanke tsawonta, sai an dubi maƙwabtanta. Idan longa ta biyo longa, ta farkon tana daidai da birebis uku. Idan birebis guda ta biyo ta, sai ta koma biyu. Idan kuwa birebis biyu suka shiga tsakanin longa biyu, to ta biyun ce ake ninka tsawonta domin lissafin uku ya cika. Babu layukan da ke yanka waƙa gida-gida kamar na yau. Saboda haka mai kwafar irin wannan waƙa zuwa ABC da ya rubuta A3 ko A2 ya riga ya yanke hukunci, ya kuma shafe abin da ke kan takardar asali, ba tare da mai karatu ya sani ba.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi wa ABC gyara. Kowane sauti ya samu gurbi biyu: ɗaya na siffar da marubucin farko ya zana, ɗaya na tsawon da mai kwafa ya fahimta. Idan wani masani ya zo daga baya ya saɓa wa wannan fahimta, sai ya canza gurbi na biyu, na farko yana nan daram. Haka batun ɗaga sauti ko sauke shi da rabin taki, wanda ABC ke nunawa da ^ da _ kafin harafi. Mawaƙan wancan zamani sukan ƙara su da ka ko da ba a rubuta ba, kamar yadda almajirin da ya ƙware yake karanta ajami marar wasali ya cike wasulan da kansa. Dole a samu alama dabam ga abin da mai kwafa ya ƙara, kada ya saje da na asali. Masu tsarin GABC na waƙoƙin coci na dā sun kama hanya mai kyau, domin haruffansu daga a zuwa m suna nuna mazaunin alama ne a kan layuka huɗu, wato abin da ido ya gani a takarda.

Wannan magana ta shafe mu, ko da yake tsohon kiɗanmu ba a takarda yake ba, yana cikin kaset-kaset ɗin da suka fara lalacewa da kuma kawunan dattawan makaɗa. Duk wanda ya zauna kusa da mai kalangu ya ga yadda yake matse tsarkiya a hammata, sautin ya zame daga ƙasa zuwa sama cikin bugu guda yana bin karin maganar Hausa, ya san cewa harafi ɗaya ba zai ɗauke shi ba. Makaɗan kotso na fadojin ƙasar Zamfara su ma suna da nasu: 'yan amshi kan karɓe kafin uban waƙa ya ƙarasa ɗa, kirari kuma yakan fita daga awon kiɗa ya tafi da numfashin mai yinsa. ABC ya riga ya tanadi V: domin raba muryoyi, da M:none domin abin da ba shi da awo, da w: domin kalmomi. Abin da nake so a ƙara shi ne alamar zamewar sauti mai nuna mafari da matsaya, da hanyar sa karin sama da na ƙasa a kan kowace gaɓa ta layin kalmomi, da kuma layin da zai faɗi kaset ɗin da aka saurara da inda mai kwafa ya yi kirdado.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba, shi ne kada ƙarin ya lalata dubban waƙoƙin da aka riga aka rubuta. Tsarin yana da layukan umarni masu farawa da %% ko I:, kuma a nan ya dace a sanar cewa waƙa tana amfani da sababbin alamomi, domin manhajar da ta san su ta kunna su, kowace tsohuwar waƙa kuma ta ci gaba da buɗuwa yadda take.