Kada ka gyara agogon kwamfuta da hannu

Idan ka ga agogon kwamfutarka ya wuce ko ya yi baya da awa ɗaya cif, sau da yawa ba agogon ne ya lalace ba, shiyyar lokaci ce ba a saita daidai ba. Manhajoji da UTC suke lissafi, wato lokacin bai ɗaya na duniya, sai a ƙara ko a rage awannin shiyyar da ka zaɓa kafin a nuna maka. In ka tura awar da hannu, abin da ke kan allo zai yi daidai, amma na ciki ya karkace. Daga nan lambobin tabbatar da shiga asusu da kwamfutar ke samarwa, masu sauyawa duk bayan daƙiƙa 30, sai su daina karɓuwa.

Fara da shiyyar. A Windows, shiga saituna, ɓangaren lokaci da harshe, ka zaɓi shiyyarka, sannan ka kunna saita lokaci kai tsaye. A Linux, timedatectl list-timezones zai jero sunayen, sai ka rubuta timedatectl set-timezone da sunan wadda ta dace, ka bi da timedatectl set-ntp true. Ka zaɓi birnin da ke ƙasarka. Wani birnin yana iya dacewa da kai yau, amma in ƙasarsa tana sauya agogo da bazara, kamar Ingila, zai ja ka ya tafi da kai. Idan har yanzu lokacin ya ƙi daidaita, duba ko an toshe ƙofa ta 123 ta UDP, domin ta nan NTP ke bi, wato tsarin da ke daidaita agogo ta intanet.

Mai Windows da Linux a na'ura ɗaya yana da tasa matsalar daban. Windows tana ɗaukar agogon da ke jikin na'urar a matsayin lokacin gida, Linux kuwa UTC take ɗaukarsa, kowacce tana ɓata gyaran ɗayar. Akwai timedatectl set-local-rtc 1, mai sa Linux ta bi lokacin gida, amma ni na fi son a koya wa Windows bin UTC: a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, ƙarƙashin TimeZoneInformation, a ƙirƙiri RealTimeIsUniversal a ba shi 1. Hakan ya fi aminci inda ake sauya agogo.

Idan kuwa duk lokacin da aka cire wuta kwanan wata yana komawa shekarun baya, har burauza ta riƙa ƙin buɗe shafuka saboda takardar shaidar tsaro, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikin kwamfutar ne ya mutu, wanda galibi CR2032 ne. Babu saitin da zai magance wannan, sai an sauya shi.