Ranar da enp2s0 ya tashi daga gidansa

A watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, ni ke kula da injinan wata cibiyar koyon kwamfuta a Gusau, inda ɗalibai ke zuwa su saba da hannu kafin jarabawar JAMB. Kwamfuta talatin ce a ɗaki ɗaya, sai saba guda, wato uwar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, a kusurwa, mai ɗauke da Ubuntu 20.04, wani nau'in manhajar Linux. Ita ke raba wa sauran adireshi, ita kuma ke riƙe da tambayoyin gwaji. Intanet ɗinmu ta rauta mai sim, wato na'urar raba intanet, take shigowa, don haka ta tafi tare da layuka. Amma karatu bai tsaya ba, tunda waya ce ta haɗa injinan da sabar.

Na daɗe ina ajiye da wani katin sadarwa na Intel a aljihun tebur, ina son in maye gurbin ƙaramar adaftar USB da ke haɗa mu da rauta, wadda ke ɗaukar zafi tana yankewa. Da na ga babu intanet ɗin ma balle in katse wa wani, sai na ce lokaci ya yi. Bayan la'asar na kashe saba, na buɗe ta, na kakkaɓe ƙura, na soka katin a gurbinsa, na kunna. Wayar da ke zuwa suwic, akwatin da wayoyin injinan ke haɗuwa, ban ko taɓa ta ba, tana nan a kafarta ta asali da ke jikin madabod, babban allon cikin kwamfuta.

Da safe yara suka zauna, babu inji ko ɗaya da ya ga saba.

Yaron da nake koya wa aiki ya leƙo ya ce, "Oga, mi ya faru? Jiya fa lahiya lau muka tashi." Na buga ip -br link, umurnin da ke jero kafofin sadarwar inji, na ga enp2s0 na nuna DOWN, wato a kashe. A fayil ɗina na netplan kuwa, inda ake tsara sadarwar Ubuntu, enp2s0 shi ne kafar ɗalibai tun ranar da na kafa sabar. Nan take na yanke wa waya hukunci. Na yanke kanta na sake matse sabo, na canza rami a suwic, na ɗauko wata wayar daban. Kusan awa biyu ina wannan, mai cibiya na tsaye a bakin ƙofa yana ba iyayen yara haƙuri. A layi na ƙasa akwai wani suna, enp3s0, da idona ya yi ta tsallakewa, don na riga na sa a raina cewa sabon suna na sabon kati ne.

Da akwai intanet, da na kwafi wani umurni daga inda na samu na liƙa, wataƙila ya yi aiki ban san dalili ba. Da yake babu, dole na koma ga littafin da ke cikin injin kansa, na buɗe man systemd.net-naming-scheme na zauna na karanta a tsanake. A nan na gane cewa shekaru ina rubuta sunan da ban san ma'anarsa ba.

A da, Linux kan kira kafofin eth0, eth1, bisa wanda kanel, wato zuciyar Linux, ya fara gani yayin tashi. Wanda ya riga zuwa shi ke ɗaukar sifili, kuma a inji mai kati biyu ba lallai wanda ya riga yau ya riga gobe ba. Don magance haka ne systemd, manhajar da ke tsara tashin Linux, daga fitowa ta 197 a farkon 2013, ya kawo sunayen da ake ginawa daga inda katin yake zaune. Harufan en na nufin kafar waya, wl na nufin mara waya. In ka ga eno1, lambar daga BIOS, manhajar da ke jikin madabod, ta fito, ta kafar da aka haɗa da madabod. In ens ne, lambar gurbi ce. In enx ne da dogon jerin harufa, adireshin MAC, lambar shaidar kati, aka liƙa, irin wanda adaftata ta USB ke ɗauke da shi. Shi kuwa enp2s0 cewa yake: layin PCI na 2, gurbi na 0, PCI kuwa ita ce hanyar da katuna ke haɗuwa da madabod.

Ashe kwatance ne, ba sunan yanka ba. Kamar ka ce wa baƙo gida na biyu daga masallaci. Muddin ba a yi sabon gini ba, kwatancen zai kai shi. Ranar da aka gina wani gida tsakanin masallacin da naka, gida na biyu ya zama na wani, kai ka koma na uku, alhali ko tabarma ba ka ɗaga ba. Abin da ya same ni ke nan. Sabon katin ya shiga gaba a lissafin layukan PCI ya karɓe lamba 2, kafar madabod ta koma enp3s0. Netplan bai yi kuskure ba, ya ba enp2s0 adireshin da na ce ya ba shi. Sai dai enp2s0 ɗin yanzu kati ne da babu waya a jikinsa.

Na tabbatar da idona kafin in taɓa komai. Na buga ethtool -p enp2s0 15, umurnin da ke sa fitilar kafa ƙyaftawa, na ce wa yaron ya zagaya bayan saba ya duba. Ya ce, "Oga, sabon ne ka ƙyafta wuta." Ba kowane kati ke amsa wannan umurnin ba, amma na Intel ɗin ya amsa.

Hanya mafi sauri ita ce in mayar da wayar kan sabon kati, ko in canza 2 zuwa 3 a fayil. Na yi ta farko don yara su fara aiki. Da yamma kuma na zauna na yi gyaran da ya kamata tun farko. Na kwafi adireshin MAC na kowace kafa, wato lambar nan mai gida shida da ke zuwa da katin daga masana'anta. A netplan na sa match da macaddress, sannan set-name, na raɗa wa ɗaya dalibai, ɗaya kuma rauta. Suna ba ya wuce harafi 15, kuma ba a so ka zaɓi irin su eth0, don kada ka yi karo da sunan da kanel ke rabawa da kansa. Na sake kunna saba sau uku ina dubawa. Akwai masu sa net.ifnames=0 a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, su dawo da eth0 na da. A inji mai kafa ɗaya ban ga laifinsa ba, amma a mai biyu komawa ne ga ciwon da aka gudo.

Abin da ya fi damuna ya fito ne bayan kwana biyu. Tambayoyi suka riƙa jinkirin buɗewa idan ɗaki ya cika. Na buga ethtool dalibai, na ga gudun layin 100Mb/s maimakon 1000. Kan wayar da na matse cikin gaggawa ranar nan ne: silin waya ɗaya bai kama ba. Gigabit, wato gudun 1000, na buƙatar duka tagwaye huɗun da ke cikin kebul, 100 kuwa biyu sun ishe shi, shi ya sa layin ya sauko shiru ba tare da ya yanke ba. Wayar da ba ta da laifi na yanke, na kuma mayar da ita da lahani. Na sake matsewa a natse, na gwada da abin gwajin waya, fitilu takwas suka kama a jere.

Ranar na sa yaron ya samo farar salatif da maka. A bayan saba, saman kowace kafa, ya rubuta sunanta da harufa huɗu na ƙarshen MAC ɗinta, ya kuma kwafe su a littafin da muke ajiyewa kusa da injin. Da layuka suka dawo na soka wayar rauta a kafar da aka rubuta wa rauta, shi kuma ya buga ip -br link da kansa ya karanto mini abin da ya gani.