Lambar da na manna wa yaro a daren farko

Har yau in na ga 00138 a kwamfuta sai gabana ya faɗi. A tsarin NANDA, wanda mu ma'aikatan jinya ke bi wajen sa wa matsalolin majinyata suna da lamba, lamba ce ta majinyacin da ake fargabar zai ji wa wasu rauni, kuma da hannuna na sa ta a fayil ɗin wani yaro ɗan shekara 7 daren da aka kwantar da shi a sashenmu na yara masu taɓin hankali.

Ba ƙazafi na yi masa ba. Ya gantsara wa abokiyar aikina cizo, har shatin haƙoransa ya fito. Likita ya gama nasa rubutun bisa DSM-5, littafin da likitoci ke bi wajen tantance cututtukan taɓin hankali, ni kuwa ina ta sauri kafin miƙa aiki. Na danna lambar, gurbin abin da ke jawo haɗarin na bar shi fanko.

To lamba ba ta tafiya ita kaɗai. Matakan NIC, wato jerin matakan kula da majinyaci da ma'aikatan jinya ke bi, suka biyo ta: a sa masa ido, a rage masa hayaniya. Mu kuma muka fassara hakan da keɓe shi a ɗaki, a ja ƙofa. Duk wadda ta karɓi aiki, lambar take fara gani kafin fuskar yaron. A ma'aunin NOC na auna samun sauƙin majinyaci, mai hawa 1 zuwa 5 inda 5 ce mafi kyau, ya cije a 2, ni ko ina ganin ai hasashena ne ya tabbata.

Rana ta huɗu mahaifiyarsa ta riƙo gefen rigata. "Sista, wai rufe masa ƙofa kuke yi? Ko banɗaki fa ba ya yarda a rufe masa." Jikina ya yi sanyi. Na koma na tambayi wadda aka ciza, ashe lokacin da take jan ƙofar ne ya kai mata baki.

Na mayar da matsalar zuwa tsoro, muka bar ƙofa a buɗe da fitila kunne. Ranar ya yi barci har gari ya waye.

Ban daina amfani da tsarin ba. Ya fi "yaro ya yi rigima" da muke rubutawa a da, wanda ba ya gaya wa kowa komai. Amma yanzu ba na danna lamba sai na zauna da uwa, ko da aiki ya sha mini kai, kuma gurbin nan ba ya zama fanko.

Tsohuwar lambar tana nan a tarihin fayil ɗin. Da aka kawo shi ganin likita bayan sallama, wata sabuwar nas ta leƙa kwamfuta ta ce mini, "Anti, shi ne mai cizon nan?"