Shigar da tsayin rufin kogo cikin manhajar taswira

Awon kogo da layin tsakiya yake farawa. Daga tasha zuwa tasha, wato alamun da muke ɗigawa mu yi awo daga kansu, muna ɗaukar nisa, da alƙibla a kamfas, da gangara. Sai dai layin nan ba zai gaya maka ko a tsaye za ka wuce ko da jan ciki ba. Shi ya sa a kowace tasha nake ƙara lambobi huɗu, hagu da dama da sama da ƙasa, waɗanda masu aikin ke taƙaitawa da LRUD.

Abin da na fara ganewa shi ne, lambar sama ba ita ce tsayin hanya ba. Yawanci a jikin bango muke ɗiga tasha, ko a kan wani dutse da ya turo kai. In sama ta ba da mita 1.2, ƙasa kuma 0.8, to tsayin wurin mita 2 ne.

Wajen shigarwa kuwa, kowace manhaja da tsarinta. A manhajar Survex akwai umarnin *data passage, inda ake jera tashoshi bi da bi da lambobinsu, sannan Aven, ɓangarenta mai nuna taswira, ya haɗa su ya zana hanyar kamar bututu. Fayil ɗin manhajar Compass ta Larry Fish kuwa hagu, sama, ƙasa, dama yake jerawa. In ka kwaso bayanai daga wannan zuwa waccan ba ka lura ba, faɗi zai koma tsayi, manhajar kuma ba za ta ce uffan ba. Haka batun hagu da dama: na wanda ke fuskantar ina? A shafin farko na littafin awo nake rubuta cewa muna fuskantar tasha ta gaba, kuma lambobin na tashar da muka tsaya ne.

Inda na fi tsayawa kai da fata shi ne sifili. Sifili a lambar sama na nufin tashar tana manne da rufi. In hasken leza ya ɓace cikin hazo ko yayyafin ruwa a wani dogon rami da ke sama, ban auna ba ke nan, sai in bar gurbin a matsayin wanda babu awo. In kiyasi na yi da ido, nakan rubuta haka a gefe. Wanda zai zana taswirar bayan shekaru bai ga rufin ba, lambata kaɗai gare shi, kuma wataƙila da ita zai yanke hukuncin ko wannan rami zai haɗu da hanyar da ke bisa.

Tun da DistoX na Beat Heeb, wato na'urar awo mai leza, ya samu, nakan harba leza ta kusurwoyi da yawa daga tasha ɗaya, manhajar TopoDroid ta karɓi awon a waya. Hakan ya fi lambobi huɗu kama siffar babban ɗaki nesa ba kusa ba. Duk da haka ina zana yankan hanyar da hannu a wurin, domin leza kan faɗa wani ɗan aljihu a rufi ta ba da mita 6 a inda kai ke taɓa dutse.